Dami Ɗaya Duk Kaka

Itace na biyu yana cikin faɗuwa lauya Metir Salima ta sako kan babur ɗinta cikin gonar. Ta taka birki da ƙarfi har ƙafarta ta nutse cikin rairayi. Maza huɗu ne riƙe da gatura, kuma sun riga sun nufi mangwaro na uku.

"Ku dakata! Na ce ku dakata!"

Babu wanda ya ko waiwayo, sai mutumin da ke tsaye a inuwa cikin shadda ruwan toka, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Maman Lawali ke nan, ɗan kasuwar hatsi, wanda ya ce gonar ta ubansa ce.

"A'a, ga lauyar sadaka ta iso," in ji shi. "Sannu da rana, Metir. Yau ma kyauta za a yi mana wa'azin?"

"Mai gari ya ce kada a taɓa komi sai alƙali ya yanke. Kana wurin aka faɗa."

"Gona ya ce. Na taɓa gona? Itace nike sara, itacen da Allah ya tsirar a ƙasar ubana."

"Zan kira jandarma."

"Kira su. Kafin su taso daga Maraɗi, wanga itace yana gidan burodi yana ci da wuta."

Dinatu tana zaune a gindin mangwaro na uku, ta jingina bayanta da shi, ta miƙe ƙafafu. Zanenta duk ƙasa. Ita ta kira Salima a waya, amma yanzu ko kallonta ba ta yi ba.

"Inna, tashi kada gatari ya same ki."

"Kada ki ce mini inna. Ɗiyata ba ta kashe ni da alƙalami."

Maganar ta shige ta, don gaskiya ce. Kwana huɗu a mako Salima tana aiki a kabinen Metir Inusa, babban ofishin lauyoyi da ke unguwar Zariya a Maraɗi, inda manyan 'yan kasuwa ke kawo shari'unsu. Ranar Alhamis kuwa takan zauna a wani ɗan ofis a Sabon Gari, inda lauyoyi ke ba da ranarsu ɗaya ga waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya. Can Dinatu ta same ta wata biyu da suka wuce. Mijinta Irmiya, mutumin Tibiri, shi ya sayi gonar nan ta bakin Gulbi a Jiratawa daga hannun Baba Idirisa, shekara ashirin da shida ke nan. Da baki aka yi cinikin. Irmiya ya rasu, shaidun biyu sun rasu, Baba Idirisa ya makance, sai ɗansa ya tashi ya ce ai aro ne.

Makon jiya a zauren mai gari Salima ta karanta takardar da ta rubuta wa Dinatu. Don ta nuna irin zaman lafiyar da ke tsakanin gidajen biyu, ta sa layi ɗaya: duk kaka Dinatu tana kai wa Baba Idirisa dami ɗaya na gero. Nan take Maman Lawali ya fashe da dariya. Salima haifaffiyar birni ce, ba ta san cewa a ƙauyukan nan wanda ya ari gona shi ke kai wa mai ita dami duk kaka ba, don kada a manta ƙasar ta wace ce. Dinatu kuwa tausayi ya sa ta fara kai damin, shekarar da idon tsohon ya rufe. Amma takarda ta riga ta faɗa, da hatimin lauya a ƙasa.

"Ku ja ta gefe," Maman Lawali ya ce da masu saran.

"Wanda ya taɓa ta, da sunansa zan fara," in ji Salima, ta ɗaga wayarta tana ɗaukar fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Suka tsaya suna kallon juna. Babban cikinsu ya tofar da yawu, ya wuce wurin na huɗu, ya durƙusa ya fara share ƙasa daga gindinsa da hannu.

Nan ne abin ya tsaya mata a rai. Ta dubi kututturan biyun da aka sare. Daidai da ƙasa aka yanke su, har gatari ya ci rairayi.

"Malam, mai sara a tsaye yake sara. Me ya sa kuke durƙusawa kuna wahalar da bayanku?"

"Haka aka ce mu yi. Ƙasa da ƙullin nan, kuma a kwashe gungumen yau."

"Kai, aiki na ɗauko ka ko hira?" Maman Lawali ya daka masa tsawa.

Salima ta sunkuya kan itacen da ya faɗi. Kamar taki ɗaya daga inda aka sare, jikinsa ya kumbura ya zagaye, kamar gwiwar tsoho. Ta duba sauran biyar ɗin da ke tsaye. Kowanne da irin ƙullin, a tsayi ɗaya.

"Mene ne wannan?" ta tambayi Dinatu.

"Boko dai! Aure ne. Nan aka yanka ɗan itacen aka haɗa masa reshen mai zaƙi."

"Wato dasa su aka yi."

"To da aljanu suka shuka su? Wa ya taɓa ganin mai aro ya dasa itace a gonar mutane? Ko kuka ɗaya ka dasa, ranar za a kore ka."

"Wa ya yi auren?"

"Baba Idirisa. Duk Jiratawa ba mai hannunsa a lokacin."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

"Kin tambaye ni? Takarda, takarda, ita kaɗai kika sani. Ina takardar saye, ina takardar mutuwa. Kin taɓa zuwa kin ga gonar kafin yau?"

Salima ta ɗauki hoton ƙullin, ta ce, "Kada ki tashi daga nan," ta haye babur.

Ta sami Baba Idirisa a ƙofar gidansa kan tabarma, yana tufka igiya da yatsun da ba su bukatar ido. Ta yi sallama ta faɗi sunanta. Hannunsa ya tsaya.

"Ke ce kika rubuta a takarda cewa matar Irmiya ke ciyar da ni? Aka karanta gaban mutanen gari?"

"Ni ce, Baba. Na yi kuskure."

"Kuskure. Shekara tara baiwar Allah nan tana aiko damin ta bayan gida don kada kowa shi gani. Ke rana ɗaya kin tallata ni a kasuwa. Tahi abinki."

"Ɗanka ya ce gonar aro ce."

"Ban je zauren ba, ba a kai ni ba. Kuma ba ni tsayawa gaban alƙali in ƙaryata abin da na haifa. Wanda ke ba ni tuwo ke nan."

"Ban zo don alƙali ba. Ana sare mangwaron."

"Wane mangwaro?"

"Na gonar. Biyu sun faɗi. Saurara."

Iska ta kawo ƙarar daga bakin Gulbi, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Tsohon ya karkata kai. Ya ajiye igiyar, ya laluba ya ɗauki sandarsa.

"Kin iya tuƙin kuwa, ko shi ma irin rubutun naki ne?"

Da suka iso, na huɗu ya ci sara har rabi. Mutane sun taru a bakin iyaka, mata masu tallan fura da manoman maƙwabta. Ganin ubansa a bayan babur, Maman Lawali ya taho da sauri.

"Baba, wa ya fito da kai cikin rana? Ke, wace irin marar kunya ce? Tsoho ba lafiya, hankalinsa ma ba daidai yake ba!"

"Hankalina na nan inda na aje shi. Kauce."

Salima ta riƙe hannunsa har wurin itacen da ke kwance. Ya durƙusa da ƙyar. Yatsunsa suka bi ɓawon, suka tsaya kan ƙullin, suka zagaye shi sau biyu. Ya daɗe a haka.

"Wanga shi na fara yi," ya ce. "Wuƙar ta zame ta yanke ni, ga tabon. Irmiya ya yage bakin rigarsa ya ɗaure mini. Reshen daga Tibiri ya kawo shi cikin jiƙaƙƙen buhu." Ya ɗaga fuska wajen da yake jin numfashin ɗansa. "Kai ka riƙe mini zaren, Maman. Kana kuka wai tururuwa ta cije ka."

"Baba, ka yi shiru, ana ɗaukar maganarka a waya!"

"A ɗauka. Ni mahaukaci ne da zan aura wa mutum itace bakwai a gonar da na ba shi aro? Na sayar, na ci kuɗina, da su na yi maka kayan lakwal, makarantar bokon da ka gudu ka bari. Damin kuwa sadaka ce. Na faɗa da bakina, tunda an riga an tona."

Wata mai fura ta rangaɗa guɗa, aka yi mata tsawa. Babban masu saran ya saɓa gatarinsa a kafaɗa.

"Alhaji, mu ba mu sara a kan rigima."

"Ku tsaya! Na ce ku tsaya, matsiyata!"

Ba su tsaya ba. Maman Lawali ya juyo kan Salima, idonsa jawur.

"Kin san abin da kika yi? Ba ki sani ba. Wallahi ba ki sani ba."

Ta lura ba fushi kaɗai ke cikin muryarsa ba, har da tsoro. Ba ta kula shi ba. Ta adana maganar tsohon a wayarta, ta bi mutanen da ke wurin tana rubuta sunayen waɗanda suka ji. Biyar suka yarda. Sannan ta dawo ta tsuguna gaban Dinatu.

"Ranar Litinin zan kai wa alƙali. Wannan karon sai na karanta miki kowane layi kafin in sa hannu."

Dinatu ta dubi kututturan biyu, ta dubi na huɗun da ke zubar da ƙaro. "Alƙali na mayar da itace?"

"A'a."

"To." Ta gyara zama, ta matsa kaɗan, ta bar mata wuri a inuwar.

Ko zama Salima ba ta gama yi ba wata doguwar farar mota ta ratso ta kan kunyoyin gero, ta tsaya daf da su. A bayanta an jera duwatsun siminti irin na shata iyaka. Wani ƙaton mutum mai farin gilashi ya fito, ya dubi itatuwan da ke tsaye, ya dubi agogonsa.

"Lawali, ka ce mini kafin azahar fili zai zama fes. Mi nike gani?"

Maman Lawali ya sunkuyar da kai.

"Bawan Allah, wane fili?" Salima ta tambaya, ta miƙe.

"Nawa. Alhaji Abdulmuɗallib nike. Na saya tun watan jiya, rumbunan ajiya zan gina." Ya ƙare mata kallo, ya ga jakar takardun da ke rataye a kafaɗarta, sai fuskarsa ta washe. "Ko ke ce Metir Salima? Madalla! Ai maigidanki Metir Inusa ya ce ke za ki bi mini takardun wurin. Dosiyen takarduna na kan teburinki tun Litinin."

Ta tuna dosiyen. Shuɗi ne, mai kauri, ta ture shi gefe ta ce sai Juma'a.

Wayar da ke hannunta ta fara ruri. Sunan Metir Inusa ne a kai.

Dinatu ta ɗago kai daga gindin mangwaron, ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Shi ma kyauta kike yi masa?"

Salima ta kife wayar a tafin hannunta, ta koma ta zauna a wurin da aka matsa mata.