Dattijo Mai Ɓoye Inuwar Yara

Mutum huɗu ne a cikin wannan labari: wani tsoho mai gyaran agogo, da matarsa, da 'yarsu Auta mai zane, sai kuma wani mai sharhi a intanet wanda babu ɗayansu da ya taɓa ganin idonsa.

Da hantsi wata mata ta tsaya a ƙofar shagon tsohon, riƙe da hannun ɗanta. Ta dubi wayarta, ta dubi fuskarsa, ta sake duban wayar. Sai ta fizge yaron ta tura shi bayanta, ta juya da sauri, ko agogon da ta kawo gyara ba ta karɓa ba. Ba ita ce ta farko ba a ranar.

Mafarin abin kuwa, Auta tana zana labarin almara tana sakawa shafi-shafi a intanet. Labarin wani gari ne da ƙaton tsuntsu yake sauka yana tsince inuwar yara, da wani dattijo da yake ɓoye musu ita cikin tuluna har tsuntsun ya wuce, sannan ya mayar wa kowa tasa. To ita Auta ba ta iya zana fuska da ka, sai ta zaunar da mutum tana kallonsa. Ubanta ta zaunar, ta fito da shi sak, har tabon girarsa.

Mai sharhin hoto guda ya tsinta: dattijon yana cusa inuwar yaro cikin tulu. Bai buɗe shafin gaba ba. Ya rubuta cewa hannun yarinyar yana da kyau, amma maita take koyarwa, kuma fuska irin wannan ba ƙago ta aka yi ba, mai ita yana nan da ransa. Kafin yamma wani ya ɗauki hoton shagon ya liƙa a ƙarƙashin sharhin, washegari kuwa sai ga matar nan a ƙofar shagon.

*

Tsohon ya rufe shago tun rana na tsaka, ya bi ta lungu. Masu hira a kan benci suka yi tsit har ya wuce, yana jin idanunsu a ƙeyarsa.

Ya tarar matarsa ta sa sakata a tagogi.

"Baban Auta," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa, "jaririn mai wanki ya kwana da zazzaɓi. Wai kai ne."

"Ni? Ni da ko kaza sai na kira maƙwabci ya yanka mini?"

Babu wanda ya yi dariya. Wani dutse da aka jefo daga waje ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangara.

Auta tana rakuɓe da allon zanenta a cinya, idanunta sun kumbura. "Baba, na saka musu shafin gaba, na yi bayani. Ba sa karantawa."

"Ki goge shi duka mana!" in ji uwar.

"Na goge, Inna. Sun riga sun kwafe, yana wayar kowa."

Tsohon ya daɗe yana duban ƙofa. Sakatar siririya ce, shi ya ɗaura ta da hannunsa, ya san iyakar ƙarfinta.

"Kashe dattijon a zanen," ya ce. "Su gani da idonsu ya mutu, ko sa huce."

"Baba, kai ne fa."

"Shi ya sa, 'yar nan."

Ta ɗauki alƙalamin, ta ja layi, ta share, ta sake ja, ta share. Sannan ta ce, ba ta ɗago kai ba, "Ba zan iya da ka ba. Sai na gani."

Ya cire hularsa ya ajiye. Ya miƙe a kan tabarma, ya haɗa ƙafafu, ya rufe ido. Matarsa ta juya fuskarta ga bango. A waje muryoyi suna ƙaruwa, a ciki babu abin da ake ji sai ƙarar alƙalami a kan gilashin allon zanen.

"Baba," in ji Auta, "ka ɗan riƙe numfashi. Ƙirjinka yana motsi."

*

Da girma na koyi rubutu, ba zan rasa kuskure ba. Wanda ya gani ya gyara mini, amma don Allah ya karanta har ƙarshe tukuna.