Kuɓewar Gwaggo Mero

A shekarar 1989, bayan shekara biyu ina gwaji, na tashi haiƙan zan haɗa kuɓewa biyu aure. Ɗaya tamu ce ta Kufena, ga yauƙi kamar me, amma da ciwon ganye ya sauko sai ta yi rawaya ta mutu. Ɗayar baƙuwa ce da na samo a gonar gwaji ta Samaru inda nake aiki, ciwo ba ya kama ta, sai dai miyarta salam. Na shuka su a kangon gidanmu na Kwarbai, ƙwayar baƙuwar kuwa goma sha biyu ce kacal, daga ita babu ƙari.

Aikin sai mai haƙuri. Da la'asar ka buɗe furen tamu da bai buɗe ba, ka tsince 'yan mazan da ke ciki da hantsaki, ka rufe shi da ambulan. Da sassafe ka shafa masa garin furen baƙuwar, ka ɗaura zare. Furen kuɓewa kwana ɗaya yake yi, ka makara ya wuce.

Gwaggo Mero, yayar mahaifina, mai ɗinkin hula, kullum tana zaune a gindin garu tana yi mini tsiya.

"Aƙilu, wai boko ne ya ce a sa wa kuɓewa hula?"

Ran da ta tsinki 'ya'yan tamu guda biyar a kangon ta kaɗa miya kuwa, na yi mata faɗan da har yau ina jin kunyarsa. Ta dube ni kawai ta ci gaba da ɗinkinta.

Furen baƙuwar na fara fitowa taifot ta kayar da ni. Kwana goma sha ɗaya na yi a gadon asibiti, ana ƙara mini ruwa ina tunanin kango. Na san baƙuwar ta gama furenta, aikin shekara uku ya bi ruwa.

Da aka sallamo ni ko ɗaki ban shiga ba, na dafa bango na nufi kango. Sai na ga kuɓewa jere, kowace da koren zaren hula a wuyanta. Na ƙirga talatin da ɗaya, na zauna a ƙasa.

"Gwaggo, wa ya yi wannan?"

"Aljanu," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba.

"Da me kika tsince mazan? Ai hantsakin yana akwatina."

Ta ɗaga allura. "Shekara arba'in ina zare kuskure a hula da wannan. Ambulan ɗinka ya ƙare ran Talata, na yayyaga tsohuwar kalandar babanka. Guda huɗu na ɓata tun farko, hannuna bai saba ba, ka yi haƙuri."

Ni take ba haƙuri! Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yafe mini maganar ran nan. Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa ki gama lafiya."

"Amin. Tashi, kada zazzaɓi ya dawo." Ta gartsa zare da haƙori. "Amma in ka shuka 'ya'yan baɗi, tsinkar farko tawa ce. In na kaɗa ba ta yi yauƙi ba, to ka sani ni da kai wahalar banza muka sha."