Shafin da Inno Ta Hana Ni Turawa

"Ɗauki wayarki ki tura shafin nan yanzu," in ji Mama. Tana tsaye a bakin ɗakina riƙe da kwanon kunun Inno, ko rabi ba a sha ba.

"Ba zan tura ba, Mama."

"Amatullahi, ni kike ce wa ba za ki ba?"

"Ki sa ni kowane aiki zan yi. Wannan kam a'a."

Ta dire kwanon a kan turmi har kunun ya fantsama. "Matar nan yau kwana biyu ruwa kaɗai ke wuce mata. Ɗanta yana Kalgo yana jiran kalma ɗaya, kalmar tana cikin wayarki, ke kuma kin zauna a kanta. Abin da karatun ya ƙara miki ke nan, taurin kai."

Na sa hijabi na bi ta ɓarakar katangar da ke tsakanin gidanmu da na Inno. Wayar tana ta rawa a hannuna, saƙonni suna shigowa kamar ƙanƙara.

Inno maƙwabciyarmu ce a Gwandu tun kafin a haife ni. Daddawa take yi. Duk unguwar ta san ranar da ta buɗe kwandon kalwa, don warin yakan tsallaka katanga uku. Da na gama karatu na dawo gida, aiki bai samu ba, sai na koma taya ta tsintar kalwa ina karanta mata littattafan da ake turawa a WhatsApp shafi-shafi. Ba ta iya boko ba, amma ban taɓa ganin mai sharhi kamarta ba.

"Wagga yarinya ba son shi takai ba," takan ce tana bushe kalwa a faifai. "Motatai taka so. Ki jira ki gani."

Kuma sai a gani.

Wata rana na karanta mata wani labari mai tsawo, ta yi tsaki ta ce nata labarin ya fi wannan. Na ce ta ba ni. Sati uku ta yi tana ba ni, ni kuma ina rubutawa. Na sauya sunaye, ita ta zama Dije, ɗanta na fari Zubairu ya zama Sule. Na buɗe guruf na masu karatu a WhatsApp, na fara turawa kullum bayan la'asar. Kafin wata biyu mun haura mutum ɗari bakwai.

Labarin ba wani abu ba ne a wurin tsofaffinmu. Inno ta haifi Zubairu tana ƙaramar yarinya, kuma a gidansu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta wasa da shi. Kunya ce, da ita ake auna tarbiyyar mace. Ana yaye shi gwaggonsa ta ɗauke shi zuwa Kalgo, can ya girma, ya zama malamin firamare. In ya zo Gwandu gaisuwa, Inno takan juya fuskarta ga bango ta amsa da "lahiya lau" kawai. Ranar da mahaifinsa ya rasu, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana kuka, ya ce, "Inna, ko yau ki dube ni." Ɗakin cike da mata 'yan ta'aziyya. Ba ta juyo ba. Ya tashi ya tafi, kuma shekara goma sha biyu ke nan bai sake taka gidan ba.

Ranar da na tura wannan shafin guruf ya kama da wuta.

Wata mai suna Maman Faruk ta rubuta, "Wannan ba uwa ba ce, dutse ce da zane."

Indo daga Diggi ta ce, "Ku yi a hankali, kakata haka take yi wa babana, kuma shi ta fi so."

Aka yi mata ca. "To a dafa son a sha mana, tunda ba a gani." "Marubuciya, don Allah ki sa Dije ta makance sai Sule ya yafe mata." "Ni dai anya ita ta haife shi? Ku jira, asiri zai tonu." Wata kuwa cewa ta yi laifin gwaggon ne da ba ta taɓa zaunar da yaron ta yi masa bayani ba, sai aka koma kan gwaggon har magariba.

Inno ta fi kowa jin daɗin wannan. Ko bayan da ƙafafunta suka kumbura, aka sallamo ta daga asibiti a Birnin Kebbi da jakar magunguna, ina shiga za ta ce, "Karanto min zagin yau." In na karanta sai ta yi dariya har tari ya kama ta.

"Dutse da zane! Wagga ta iya magana. Allah shi ba ta miji mai haƙuri."

Kuskurena shi ne na bar sunayen Gwandu da Kalgo a labarin yadda suke, na kuma rubuta maganar ranar ta'aziyya kalma da kalma. Sai ga saƙo daga wata lamba, ba ta guruf ba, ni kaɗai. "Sunana Rahama, matar Malam Zubairu ce ni. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, Sulen nan mijina ne?"

Na kwana biyu ban amsa ba. Da na amsa, ta kira ni. Ta ce ita ke karanta masa kullum bayan ya dawo makaranta. Da farko dariya yake, da aka zo ranar ta'aziyya ya tashi ya fita. Ya dawo ya ce ta karanto masa sharhin mutane. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kin ji ko? Waɗanda ba su san mu ba ma sun gani."

"Ƙanwata," in ji Rahama, "na gaya masa Inna ba lafiya. Ya ce Allah ya sauwaƙe, ya ce zuwansa ba zai ƙara mata komai ba sai ciwon wuya na kallon bango. Amma yana jiran shafi na gaba. Ba ya faɗa, ni na sani. In akwai wani abu a cikinsa, don girman Allah ki tura."

Akwai wani abu a cikinsa. Shafi na arba'in da ɗaya ne, na riga na rubuta shi tun kafin Inno ta kwanta. A ciki ne Dije take bayyana dalilin da ya sa take kai daddawa kasuwar Kalgo alhali ga masu saye a ƙofar gidanta. Takan zauna a rumfar wata ƙawarta Laraba, a bayan buhuna, inda take hango hanyar da ɗanta yake bi. Ta ga ranar da ya fara sa dogon wando. Ta ga ranar da ya sayi keke, da ranar da gemu ya fito masa. Kuma kowace kasuwa takan ware daddawa mafi kyau ta ba Laraba, Laraba ta aika gidan gwaggon, daga baya gidan matarsa, a matsayin kyautar cinikayya. Shekara talatin da wani abu yana cin miyar daddawar uwarsa bai sani ba.

Amma ranar da Inno ta ba ni wannan ɓangaren ta kama hannuna ta ce, "Wanga kam sai bayan raina. Ki rantse." Na rantse.

Shi ya sa da na bar Mama da kwanon kunu a safiyar nan, na shiga ɗakin Inno na durƙusa a gefen katifarta. Ta rame har ɗankunnenta ya yi mata nauyi.

"Inno, na zo roƙo."

"Ke da ba ki roƙon kowa? Lalle duniya ta zo ƙarshe."

"Ki sake ni daga rantsuwar nan. Matarsa tana karanta masa. In ya ji shafin nan wallahi yau zai zo."

Ta kalli rufin ɗaki. "Shina ji?"

"Yana ji. Tun daga farko."

"Har zagin?"

"Har zagin."

Ta rufe ido. Na ɗauka ta yarda. Sai ta ce, "In ya zo ya san na yi ta laɓewa bayan buhu ina kallonai, da wane ido zan dube shi? Uwata ba ta yi haka ba, kakata ba ta yi ba. Ni ce zan kwance zanena a bainar jama'a ina da rai?"

"Inno, zamanin nan ya wuce. Ba wanda zai ga laifinki."

"Ni zan gani. Ɗiyata, kin ce ke mai magana ɗaya ce. Da shi kike yi wa kowa taƙama unguwar ga. To ga ranatai."

Gaskiya ta faɗa. Ni ce wadda ta ƙi canza amsa a jarrabawa da malami ya ce ta canza, ni ce wadda ba a juyawa. Na fito ɗakin ina jin haushinta, ina jin haushin kaina.

Kwana huɗu na yi a haka. Ban tura komai a guruf ba, don ba abin da ke gaba sai wannan shafin. Masu karatu suka fara da roƙo, suka koma gori. "Marubuciya ta ga ta yi suna ta fara jan aji." "Labarin ya ƙare mata ne, ba ta san yadda za ta wanke Dije ba." Mutum sama da ɗari biyu suka fita. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya hana ni zama shi ne kiran Rahama, safe da yamma. Na ce mata ta gaya masa jikin ya yi tsanani. Ta ce ta gaya masa, ya ɗauki hularsa kamar zai fita, ya tsaya a zaure, ya dawo ya rataye ta.

"Ki ɗan gaya mini ko da baki, ni in san yadda zan yi."

"Yaya Rahama, ba nawa ba ne da zan bayar."

"To na wa ne? Ke kika watsa mu a duniya, yanzu kuma kin zama mai amana?"

Ta kashe wayar. Na buɗe shafin na karanta, na kai yatsana kan wurin turawa, na ɗauke. Na share tsakar gida da aka riga aka share. Na koma ɗakin Inno, na fito, na koma. Mama ta daina yi mini magana sai da ido.

A rana ta huɗu da hantsi Inno ta ce in buɗe mata taga. Ta tambaya ko na fitar da daddawar ƙarshe rana, wadda muka daka tare kafin ta kwanta. Na ce tana kan rumfa.

"A ware manya guda ashirin. Na Laraba ne."

Daga nan ta ce in karanto mata zagin yau. Na ce yau babu. Ta ce in karanto na jiya. Ina cikin karantawa na ji numfashinta ya sauya. Na ƙwala wa Mama kira. Mama ta zo ta tallafe kanta tana laƙƙana mata kalmar shahada, Inno tana bi a hankali. Can ta motsa leɓe, na kai kunnena. Sunan Zubairu ta kira, sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, kamar mai gwada ko bakinta zai iya. Bayan haka ba ta ƙara cewa komai ba.

Mama ta shafe mata ido. Ni kuma na fita tsakar gida, na tura shafi na arba'in da ɗaya. Sannan na kira Rahama.

Sun iso bayan azahar. Rahama ta ce a mota ta karanta masa, tun kafin su bar Kalgo ya ce ta sake daga farko. Da ya shigo an riga an yi wa Inno wanka, an sa ta a likkafani. Ya durƙusa a daidai ƙofar da ya durƙusa shekara goma sha biyu da suka wuce. Bai yi kuka da sauti ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya sa aka kira ni. Dogon mutum ne mai furfura a gemu, goshinsa irin nata sak.

"Ke ce marubuciyar?"

"Ni ce, Malam."

"Yaushe kika rubuta shafin nan?"

Zan iya cewa yau. Na ce, "Sati biyar ke nan."

Ya maimaita a hankali, "Sati biyar."

"Ta sa na rantse. Na roƙe ta, ta ƙi. Amma ta kira sunanka, Malam. Da kunnena na ji."

Ya sunkuyar da kai. "Ke kika ji," ya ce.

Wayata tana ta rawa a cikin hijabi. Na san abin da ke ciki, waɗanda suka zagi Dije yanzu suna kuka, waɗanda suka fita suna neman a dawo da su, Maman Faruk tana neman gafara. Ban buɗe ba.

Na cika alkawarin da na yi wa Inno, ban karya ko kalma ɗaya ba. Saboda haka ɗanta bai same ta da rai ba, kuma sunan da ya jira shekara arba'in ya ji daga bakinta, a kunnena ya faɗa.

Da la'asar na hango shi shi kaɗai a gindin rumfa. Ya sauko da faifan daddawar, ya ɗauki guda cikin manyan da na ware, ya kai hancinsa. Ya tsaya haka, kaji suna kewaya ƙafafunsa.