Rufin Kabarin Rebecca

Shekara takwas da komawar soja bariki, wani ɗan kwangila ya shigo Kudenda zai haƙa magudanar ruwa zuwa rafi. Safiyonsa mai awon ƙasa, wani Kevin, ya bi unguwa yana kafa turaku masu jan fenti. Ɗaya ya sauka a bayan gidan Jethro, tsohon ma'aikacin masaƙa, daidai kan kabarin matarsa Rebecca, wadda ya binne a gida kamar yadda ake yi a ƙauyensu.

Jethro ya tumɓuke turken, ya iske Kevin a gindin mangwaro.

"Kai, uban wa ya aike ka ka soki matata?"

Kevin ko miƙewa bai yi ba. Ya juyo da kwamfutar da ke cinyarsa. "Baba, ba ni na zaɓa ba. Taswirar unguwa na shigar mata, ita ta nemo hanya mafi kusa. Duk abin da ke da rufi tana kewaye shi. Wurin nan kuwa fili ne."

"Fili ne a gidan ubanka."

"Zage ni ka ƙoshi. Litinin zan yi zagayen ƙarshe, Talata katafila."

Rufi dai ake so? Jethro ya hau kan ɗakinsa da guduma, ya ɓalle kwanon kakaf, ya kafa rumfa a kan kabarin. Martha maƙwabciyarsa ta leƙo ta katanga.

"Baba Jethro, damina fa ta ƙarato."

"Kanki za ta jiƙa?"

Ran Litinin Kevin ya zo. Ya dubi rumfar ya shigar a kwamfuta. Ya leƙa ɗakin da ke kallon sama, shi ma ya shigar. Ya danna, jan layin magudanar da ke kan taswirar ya lanƙwasa.

"To, ta kewaye madam. Yanzu ta ɗakinka za ta bi. Ba rufi, kango ne."

"Da gangan ka yi, ɗan iska!"

"Mai da kwanon, layi ya koma inda yake. Zaɓi ɗaya, ina da aiki."

Jethro ya daɗe yana huci. Can ya shiga ɗakin, ya jawo katifa, ya ɗauko rediyo da akwatin tufafi, ya jibge su ƙarƙashin rumfar, gefen kabarin. Ya zauna a kan akwatin, gudumar na hannunsa.

"Kira katafilar taka. Amma in haƙorinta ya taɓa ƙasar nan, a faɗa wa uwarka ta fara kuka."