Godiyar Doguwa

Ba na riƙe sunan yara, gara in faɗi wannan tun farko. Shekara goma sha tara ina surbeyan, wato mai kula da ladabin 'yan makaranta, a wani kwaleji da ke tsakanin Kore Mairuwa da Tibiri, amma da wuya in kira yaro da sunan da ubansa ya yanka masa rago. Kowace shekara nakan yi ƙoƙari. Satin farko ni ke kiran suna da kaina, ina sa 'yar alama da fensir don in gane fuska. Sati na biyu sai in gaji, in miƙa wa shugaban aji littafin, in koma ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da butar shayina.

Duk da haka ni aka tura Dogondutsi kwas na kwana uku kan hana cin zali tsakanin yara. Na dawo da takardar shaida, da hula, da akwatin katako mai ɗan tsagi a sama, wanda yaro zai jefa kukansa a ɓoye. Na kafe shi a ƙofar ofishina. Wata biyu abin da na samu a ciki shi ne ɓawon gyaɗa da mataccen ƙadangare.

Ranar wata Litinin wani mutum ya shigo da sanda a kafaɗa, ya ce shi Munkaila ne, makiyayi, rugarsu na bayan fadama. Yarinya doguwar fuska na tsaye bayansa, idonta a ƙasa.

"Mushe, ɗiyata ce, Barira. Na zo in ɗauke ta." Mushe ake ce wa malamin boko a wajenmu, daga Faransanci.

"Zauna, Malam Munkaila. Me ya faru?"

"Kai za ka gaya mini. Kai ke nan kullum."

Bai zauna ba. A tsaye ya ba ni labarin abin da ke faruwa taku talatin daga butar shayina. A watan Oktoba, ranar da aka fara ɗaga tuta, yarinyar ta yanke jiki ta faɗi a layi. Tafiyar kilomita bakwai ta yi ba ta karya ba, rana kuma ta buɗe. Na tuna da faɗuwar, ni ma na yayyafa mata ruwa. Abin da ban sani ba shi ne tun daga wannan watan ba mai kiranta Barira. Godiyar Doguwa suke ce mata, wato wadda aljana Doguwa ke hawa. Aji mai yara tasa'in da huɗu, ana zama huɗu huɗu a benci, ita kaɗai ke da benci nata. In ta wuce sai a tofa a'uziyya. In ta sha ruwa a randa sai a zubar da sauran. Ranar Alhamis 'yan mata uku suka danne ta bayan aji, ɗaya na ƙona mata tsumma a hanci, wai su ga iskar ta yi magana.

Na ce ta ɗaga kai. Akwai ƙuna a leɓenta na sama, ta fara bushewa.

"Me ya sa ba ki jefa takarda a akwati ba?"

"Akwatin yana inda kowa ke gani, Mushe."

Wannan ba a koya mana a Dogondutsi ba.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da na daɗe ban ji ba. Yarinyar ce ta uku a jarrabawar ajin. Ita kaɗai ce daga rugar nan ta taɓa wuce firamare. Na roƙi uban ya ba ni zuwa Juma'a.

"Ba duka nake so a yi ba," in ji shi. "Wanda ya raɗa mata sunan nake so ya tsaya gaban yara ya ce ƙarya ya yi. In ya janye, sauran za su bari. In bai janye ba, shanu ba sa zaginta."

"Zan kawo maka shi da kunne," na ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sunan kansa. Wannan ba maganar yara ba ce. Yaran yanzu, 'ya'yan masu shago da wando iya ƙwauri, wa ya gaya musu macen da iska ke hawa godiya ake ce mata? Rabinsu ba su taɓa ganin goge ba sai a waya. Sai wanda ya tashi kamar yadda na tashi, a gidan kaka mai ɗakin iskoki a bayan rumbu. Babba ne ya sa wa yara wannan a baki, babba mai furfura, wanda ya kalli yarinya mai jin yunwa ya ga abin dariya.

Na fara da Bushira mai ƙosai a bakin ƙofa.

"Ni? Abdussalam, ka ji tsoron Allah. Yarinyar da nake ba ƙosai kyauta in ba mai kallo?"

Na wuce wurin mai gadi, ya ce shi bai ma san akwai yarinyar ba. Na tara malamai na yi musu jawabi mai zafi, na yi amfani da kalmomin kwas gaba ɗaya. Mushe Jalaluddeen, matashin malamin lissafi, ya ce ko a yi mata ruƙiya don hankalin yara ya kwanta. Na ce masa in ruƙiya yake so, ya fara da wadda ta ƙona mata baki, a nan aljanin yake. Bai ƙara gaishe ni ba har yau.

Ranar Laraba na shiga ajin. Na kori 'yan matan uku na sati guda. Sauran na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, wa ka ji a bakinsa. Wannan ya nuna wancan, wancan ya nuna na bayansa, har zaren ya ƙare kan Hisham, shugaban aji, yaro mai tsabta wanda ni da kaina na zaɓa.

"Kai ka fara?"

"Ni na fara faɗa, Mushe."

"Ban tambaye ka wa ya fara faɗa ba. A ina ka samo shi?"

Ya dube ni. Ba kallon rashin kunya ba ne, kallon wanda ake tambaya hanyar gidan da yake tsaye a ƙofarsa ne.

"Ubanka ne? Kakarka?"

"A'a, Mushe."

"To wa?"

Ya sunkuyar da kai. Na sa shi durƙuso a tsakar makaranta, hannu sama, daga ƙarfe goma har aka tashi. Hular kwas ɗin na kaina. Alhamis ma haka. Gwiwarsa ta sale, bai buɗe baki ba. Na ce a raina ga yaro mai rufa wa mugu asiri, na ƙara tsanar mugun.

Juma'a da safe Munkaila ya zo. Na tura masa Hisham gaba, na ce yaron zai ba da haƙuri gaban aji.

"Shi ya ƙirƙira?"

"Shi ya yaɗa."

"Ka ce da kunne za ka kawo mini shi, Mushe." Ya dubi gwiwar yaron, ya dube ni. "Wannan ma ɗan wani ne."

Na yi magana mai tsawo. Na ce ilimin 'ya mace, na ce gobe, na ce yarinyar na iya zama likita. Ya saurara har na ƙare, sannan ya ce wa Barira ta ɗauko jakarta. Ta shiga ajin, ta fito. A bakin ƙofa ta tsaya, ta rusuna ta ce, "Mushe, na gode da ruwan da ka zuba mini ran nan." Suka bi hanyar fadama, shi a gaba, ita a baya.

Na koma ofis ina huci. Na rantse ko shekara za a yi sai na gano mutumin, kuma ranar da na gano shi garin nan zai ji. Sannan na tuna aikin ofis ba ya jiran fushi, dole a soke sunanta a rubuta ta bar makaranta. Na aika a karɓo mini littafin kiran suna daga wurin Hisham. Rabona da buɗe shi tun satin farko na Oktoba.

Na bi da yatsa har lamba ta goma sha bakwai. Barira Munkaila. A gefe, da fensir, an rubuta Godiyar Doguwa, har da 'yar ƙugiyar da nake yi wa wutsiyar harafin ƙarshe. Rubutun hannuna ne.