Motar da Ta Kalli Baba Sannu

Da hantsi aka kawo motar a bayan wata doguwar mota, an lulluɓe ta da farin ƙyalle. Baba Sannu yana tsaye a bakin gareji da tsummansa a kafaɗa. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana tuƙa Maigida, motoci shida ya ga zuwansu ya ga tafiyarsu, dukkansu ƙirar kamfani ɗaya, don Maigida in ya saba da abu ba ya saki. Saboda haka bai zaci yau zai ga abin da zai tayar masa da hankali ba. Sunan ma ma'aikatan gidan ne suka laƙaba masa, don ko gobara ake yi ba ya ƙara gudu.

Da mutumin kamfani ya yaye ƙyallen, sai kowa ya zuba ido. A faɗi gaskiya, motar ta yi kyau. Baƙa ce wuluk, doguwa, bayanta ya zube a hankali ba tare da wani lungu ba. Manyan fitilun nan irin na tsofaffin motoci masu kama da idon saniya an cire su, an sa waɗansu 'yan siraran layuka kamar idon mai jin barci. Baba Sannu ya zagaya ta sau biyu yana neman inda zai kama ya buɗe ƙofa, bai samu ba. Sai da mutumin kamfanin ya matso, marikin ya turo kansa waje daga jikin ƙofar. Mai gadi ya yi salati. Mai dafa abinci ta ce ita dai ba za ta shiga ba.

Ciki kuwa farar fata ce mai laushi, da katako mai sheƙi, da wani siririn haske da ya kewaye ƙofofi yana sauya launi. Ƙamshin sabuwar fata ya cika hanci. Amma Baba Sannu da ya zauna ya miƙa hannu inda ya saba, sai ya kama iska. Ba sandar giya, sai wani ɗan abu kamar maɓallin riga. Ba ramin makulli. Maɓallan sanyi da na rediyo, waɗanda yatsunsa suka haddace har ba ya bukatar dubawa, duk an share su, an shimfiɗa gilashi guda daga wannan ƙofa zuwa waccan, cike da ƙananan rubutu. Ya buɗe bonet don ya gaisa da injin kamar yadda yake yi wa kowace sabuwar mota, ya tarar an rufe komai da baƙar roba. Ko sandar auna mai babu.

Mutumin kamfanin yana ta zuba kamar rediyo: kujerar baya tana kwanciya, tana tausa, tana hura sanyi, motar tana ganin gefenta da bayanta, tana taka birki da kanta in ta ga mutum. Maigida yana dogare da sandarsa yana gyaɗa kai. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, harkokin gidan da na kamfani suka koma hannun Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda Baba Sannu ya yi shekara goma sha biyu yana kaiwa makaranta. Tana tsaye gefe da waya a hannu, tana tambayoyi masu ma'ana.

Daga nan mutumin ya nuna wani ɗan baƙin ɗigo a saman sitiyari, bai fi ƙwayar wake ba.

“Wannan kuma naka ne, Baba. Kyamara ce, idon direba take kallo. In ka yi gyangyaɗi, ko ka kau da kai daga hanya, za ta sanar.”

Aka yi dariya. Baba Sannu ma ya yi, amma ta yaƙe.

Ga abin da ba wanda ya sani, ko matarsa. Idonsa na hagu ya mutu. A ido garau yake, yana kiftawa, yana juyawa tare da ɗan'uwansa, amma fitila ce da ba wuta. Shekara biyu da suka wuce ya saci jiki ya je asibitin ido a can wata unguwa mai nisa. Likitar ta ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar ce ta tafi, kuma na daman ma yana bin sahu a hankali. Ta tambaye shi sana'arsa, ya ce mai gadi ne. Tun daga ranar ya koyi karkata kansa kaɗan zuwa hagu, don idon dama ya share masa hanya duka. Ya ƙara rage gudu. Ga kuma sa'a: Maigida ya tsufa ya koma mai mita, ya bar kujerarsa ta dama ya dawo bayan direba wai rana tana damunsa, kuma ba mai babur ko mai keken da zai ɓullo ta hagu bai zage shi ba. “Dubi wannan marar hankalin da ke shigowa,” in ji shi, sai Baba Sannu ya sassauta. Da haka aka yi shekara biyu ko ƙwarzane babu.

Ba ya son a karɓe sitiyarin nan. Ba shi da wata sana'a, ba shi da wani suna. In ba direban Maigida ba ne, shi bai san ko wane ne shi ba.

Aka ce a zagaya unguwa a gwada. Motar ta tashi ba ƙara, ba girgiza, har sai da Baba Sannu ya tambaya ko ta tashi. Suka fita daga ƙofa, tana tafiya sumul kamar a kan ruwa. Ba su kai kwanar farko ba aka ji ƙararrawa, ƙil-ƙil, mai ladabi. Hoton ido ya fito a gilashin. Ya miƙe wuyansa, ta yi shiru, amma rabin titi ya ɓace masa. Ya sake karkatawa, ta sake bugawa. A karo na huɗu sai ga hoton kofin shayi yana tururi.

Mutumin kamfanin ya tuntsire da dariya, ya ce motar cewa take Baba ya huta ya sha shayi, kuma ya daina leƙen 'yan matan gefen titi. Maigida ya ce a kashe abin, ya cika surutu. Mutumin ya ce ana iya kashewa, amma duk lokacin da aka tayar da motar zai kunna kansa, haka aka ƙera ta. Baba Sannu ya ɗaga ido. Ta madubi ya ga Auta tana kallon ƙeyarsa.

Da la'asar ya zauna shi kaɗai a cikin motar a gareji, yana laluben gilashin da yatsa ko zai gano inda ake kashewa. Ya kunna waƙa, ya kunna tausa, ya mayar da hasken ƙofofi shuɗi, ya buɗe rufin sama ya kasa rufewa sai da ya yi gumi. Rubutun ƙanana ne, suna rawa a gabansa. Ya ji haushi, ya ji tsoro, ya kuma ji kunyar cewa ƙarfe ne ya tsare shi haka.

Can sai ya tuna da dabarar direbobi, wadda ya koya tun yana ƙaramin direba a tasha. Idan wata fitila ta kama a gaban mota ta ƙi mutuwa, kuma bakanike ya ce ba komai, ai ba a jayayya da ita. Baƙin salatif ake yankowa a liƙe ta, kowa ya huta. Ya yi wa motoci uku haka a gidan nan. Ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya yanko ɗan ƙarami, ya liƙe ƙwayar waken, ya shafe da babban yatsa. Baƙi a kan baƙi, ko shi da ya liƙa da ƙyar yake gani. Ya koma ɗakinsa da ɗan sauƙi a zuciya, har ya ci abinci.

Washegari ranar gashin ƙashin Maigida ce a asibiti. Auta ta ce za ta bi su, tana son ganin likita. Ta zauna a gaba. Maigida ya shiga bayan direba kamar kullum.

Ko ƙofar gida ba su bari ba motar ta fara. Wannan karon ba ƙil-ƙil mai ladabi ba ce, ƙara ce mai tsayi, ga jan rubutu ya cika gilashin. Tsofaffin motoci in ka rufe musu baki shiru suke yi. Wannan kuwa ƙara ta kai.

Auta ta karanta, ta ce an ce an toshe kyamarar direba. Ta sunkuya, ta kai farce, ta ɓanɓaro salatif ɗin. Ta daɗe tana kallonsa a kan yatsanta. Baba Sannu ya ce wataƙila daga kamfani aka manta da shi. Ƙaryar ba ta da ƙafa, shi ma ya ji. Auta ta ce a tafi.

Suka hau babban titi. Ya yi ƙoƙarin riƙe wuyansa a miƙe, ya bar hagu ga Allah. Zufa ta jiƙa masa riga duk da sanyin motar. Bai jure ba ya karkata, ƙil-ƙil. Ya miƙe. Ya karkata, ƙil-ƙil. A shataletale ya miƙe wuya don kada ta buga, Maigida ya ɗaga murya, “Mai keke, mai keke,” motar kuma ta dafe birki da kanta har suka yi gaba. Wani dattijo da kwandon kaya a bayan kekensa ya wuce ta gaban hancin motar yana waiwaye. Baba Sannu bai gan shi ba sai da ya shigo ɓangaren dama.

Auta ta ce ya gangara gefe ya tsaya. Ya tsaya a gaban wani shagon tayoyi.

Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi. Ba faɗa a fuskarta, da ma faɗan ne da ya fi masa sauƙi.

“Baba, rufe idonka na dama.”

“Ranki ya daɗe...”

“Ba ranki ya daɗe ba. Auta ce. Rufe, don Allah.”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya sa tafin hannu ya rufe. Duniya ta ɗauke. Ya ji tana tambaya yatsu nawa ta ɗaga, ya ji ƙarar injin hura taya a shagon, ya ji ƙamshin sabuwar fata. Ya yi tunanin ya ce uku, ko Allah zai sa a dace. Sai ya tuna dattijon mai keke, ya fasa.

Daga baya Maigida ya yi gyaran murya. Maganarsa tun bayan ciwon a hankali take fita, ɓari guda.

“Ƙyale shi, Auta. Na sani. Shekara biyu ke nan.”

Ya ce tun ranar da mai gadi ya ɗaga wa Baba Sannu hannu ta hagu har sau uku bai amsa ba ya gane. Rana ba ta taɓa damunsa a kujerar dama ba. Masu babur ɗin nan da yake zagi kuwa, Allah ya yafe masa, yawancinsu ba su yi laifin komai ba. Ya ce shi ya matsa a sayo wannan motar, ba don fata ko tausa ba, sai don an ce masa tana ganin gefenta, tana taka birki da kanta. Ya lissafa cewa za ta zama idon hagun, su ƙara shekara biyu ko uku tare. Ba wanda ya gaya masa tana kallon ciki ma.

“Garin neman gira,” ya ce, bai ƙarasa ba.

Auta ta juya tana kallon titi, tana goge fuska da bayan hannu. Ta ce da su biyun, da sun kashe mutumin nan fa? Maigida ya fara cewa ko a cikin unguwa kawai, ko zuwa asibiti kawai, ta girgiza kai. Baba Sannu ya ga Maigidan da a da in ya yi tari kamfani ke tsayawa, yau yana roƙon 'yarsa ana hana shi, kuma ita ke da gaskiya. Wannan ya fi komai karya masa zuciya.

Auta ta ce wa Baba Sannu ɗakinsa nasa ne, ba inda za shi, gobe kuma za ta kai shi babban likitan ido a ceci na daman. Sannan ta miƙo hannu. Ya laluba don ya zare makulli ya ba ta, kamar yadda ake yi, sai ya tuna babu ramin. Ya ciro ɗan baƙin abin da ke madadin makullin daga aljihun rigarsa ya ɗora mata a tafi.

Ya fito ya nufi kujerar gaba ta ɗaya gefen, Maigida ya buga sandarsa a ƙasa ya ce ya zagayo nan kusa da shi. Marikin ƙofar ya turo kansa waje tun kafin ya taɓa. Shekara ashirin da bakwai yana buɗe ƙofar baya, yana goge kujerar baya, bai taɓa zama a kai ba. Ya zauna a bakin-baki, tsummansa a cinya.

Auta ta tayar da motar. Kujerar direba ta matsa gaba da kanta, ta daidaita da tsawonta. Ba ƙararrawa, ba kofin shayi. Maigida ya laluba da hannunsa mai lafiya ya danna wani abu, kujerar Baba Sannu ta kwanta da shi a hankali, ta fara murza masa baya daidai inda ya shekara yana ciwo. Daɗin ya ba shi haushi. Hawaye suka zubo masa, ta ido biyun duka, har da wanda ba ya gani.

Da suka doso mahaɗar asibiti, ƙafar Baba Sannu ta dama ta danna kafet tana neman birki. Maigida kuwa ya leƙa taga, ya buɗe baki ya ce, “Dubi wannan marar hankalin da ke...” Sai ya tsaya.

“Na gan shi, Baba,” in ji Auta.