Damin Irin Baba

Ni Kalilu, da hannuna na sauko da damin irin Baba daga rumbu, na miƙa wa matata Rabi'a na ce ta yi mana fura. Ba wanda ya tilasta ni. Abin da ke cin raina ke nan.

Gero ne da Baba ya gada wurin kakanmu a Daddara. Kowace kaka sai ya bi gona yana zaɓen zangarniya masu kauri, ya ɗaure dami guda ya ajiye na shuka. Ko yunwa za ta kashe mu ba a taɓa shi.

Bana aka kawo tallafi, taki da sabon iri a farin buhu, mai nuna cikin kwana saba'in. Sharaɗin shi ne a shuke gona duka da shi. Maƙwabtana suka ƙi, na yi musu dariya. Ranar da na sauko da damin Baba, Rabi'a ta ce, "Malam, a bar ko zangarniya biyar mana." Na ce ina ruwan mace da iri.

Na shuka sabon irin, ya yi kyau kuwa, wallahi ya yi! Amma sai ya nuna tsakiyar marka, lokacin geron kowa ko kai bai fitar ba. Tsuntsayen yankin kaf suka taru a gonata. Mun buga gwangwani har hannu ya kumbura. Abin da suka rage na girbe cikin ruwa, ba ranar shanya, ba tamfol, masu tallafin ba su yi wannan tunanin ba. Kwana huɗu zangarniya ta yi baƙi, ta fara tsiro a kwance. Akuya ma shinshinawa take ta wuce.

Sai na tuna Baba ya taɓa ɗibar wa Abu tsohon irin nan. Abu wan Rabi'a ne, direban babbar mota da ke noma a wajen Maraɗi. Na hau babur zuwa bakin iyaka a Jibiya, na same shi a layin motoci.

"Yaya Abu, irin da Baba ya ba ka, sam mini ko tiya guda."

Ya ce, "Haba Kalilu. Ba kai ka aiko mini ragowar farin buhun ba, ka ce tsohon iri ya gama yayi? Na ji maganarka. Nawa inji na kai aka niƙe."

Da na dawo Rabi'a ta ga hannuna wayam, ta ci gaba da aikinta. Na zauna a gindin rumbu ina jin kunyar Baba. Ranar da muka sha furar nan har ƙari na nema, na ce ban taɓa shan mai daɗinta ba.